Ni ne a hoton, amma ba ni na kama kifin ba

Tunda na ɗora hoton nan nawa da wani ƙaton kifin teku mai dogon baki, wanda ake kira malin, mutane ke ta turo min saƙo, wai ashe ni masunci ne ban taɓa faɗa ba, wani ma harda tambayata wace irin ƙugiya nake amfani da ita. Wallahi dariya kawai nayi. To bari in faɗi yadda abin yake tun kafin zancen ya yi nisa. Ku koma ku sake duba hoton da kyau, can gefen dama daga ƙasa akwai wani hannu sanye da safar hannu duk ta yage, ya riƙe dogon bakin kifin. Mai hannun nan shi ya kama kifi. Ni nawa zama a kujera ne da gumi da ihu.

Ga wanda bai san harkar ba, hayar jirgin ruwa ake yi sukutum, da kyaftin ɗinsa da yaron jirgi da sandunan fatsa da komai, su kai ka can tsakiyar teku inda manyan kifaye suke, ko rabin yini ko yini guda. Mu huɗu muka haɗa kuɗi muka ɗauki na yini guda, don an gaya mana na rabin yini kafin ku isa wajen kifi lokacin juyowa ya yi. Kuma in zaka je ka tambaya tun a ƙasa, kifin da aka kama na waye? Kar ka ɗauka tunda ka biya naka ne. A Hawayi misali yawancin jirage kifin na jirgi ne, sai dai su yankar maka wanda zaka ci. Mu namu kyaftin tun kafin ya tada inji ya gama magana, yace ƙanana namu ne, amma duk mai dogon baki sakinsa za a yi, wanda bai yarda ba ya sauka yanzu. Sannan yaron jirgin ya buɗe jakunkunanmu ɗaya bayan ɗaya, na ɗauka wani abin haramun yake nema, ashe ayaba. Wai ayaba a jirgin su tana kore sa'a. Camfi ne da ya zagaye duniyar masu wannan sana'a, kuma ba wasa suke ba, ta abokina guda biyu a kan dakalin tasha muka baro su yana ta mita.

Ƙarfe shida muka tashi, muka yi ta gudu kusan awa biyu har ƙasa ta ɓace. Dalilin nisan shi ne, ƙasan teku daga baki a hankali take gangarawa kamar tudu mai faɗi, sai ta kai wajen zurfin mita 200 sannan ta fara zurmawa sosai, to a wannan gaɓar ruwan ƙasa mai sanyi ke tasowa da abinci, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Wani wurin gaɓar tana nesa sai kayi awanni, wani wurin kuma kamar Kona ta Hawayi tana nan bakin ƙofa, tunda tsibirin dutsen aman wuta ne da ya taso daga can ƙasa, minti kaɗan da barin tasha ka shiga zurfi. Da idonka zaka ga canjin. Ruwan da yake kore-kore mai duhu sai kawai ya koma shuɗi kamar an zuba tawada, garau, kana hango hasken rana yana nutsewa ciki har ya ɓace.

Ni kuma a daidai nan cikina ya fara juyawa. Da daddare an bani ƙwayar maganin jiri nace haba, ni da ko doguwar tafiyar mota bata taɓa sa ni amai ba. Ashe ruwa ba sa'an kwando bane. Na shige ɗakin jirgin in kwanta, yaron jirgin ya biyo ni ya fito dani, yace nan ne mafi muni, idonka na ganin bango a tsaye kunnenka na jin kana lilo, rigimar su biyun ce ke tada zuciya, in zauna a waje in kafe ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Na bi maganarsa amma dai sai da na ciyar da kifin teku sau biyu. Abokina da aka ƙwace wa ayaba yana gefe yana cewa sannu jarumi, sannu namijin duniya. Na riƙe shi a zuci.

Da muka isa sai jirgi ya rage gudu ya koma kamar kilomita 14 ko 15 a awa, yaron ya buɗe wasu dogayen sanduna biyu dama da hagu kamar eriya, aikinsu su ware zaruruwa kar su harɗe, ya saki zare biyar a bayanmu kowanne da nisansa. A ƙarshen kowane zare akwai kifin roba mai kai mai ƙyalli da gezar roba kala-kala, yana nutsewa yana tasowa yana barin kumfa a baya. Akwai kuma wasu manya kusa da jirgi waɗanda ko ƙugiya babu a jikinsu, su nasu tsokana ce kawai, su jawo kifi ya matso. Dabarar gaba ɗaya ita ce jirgin da kumfarsa su yi kama da garken ƙananan kifaye na gudu, na robar nan kuma su ne raunanan da aka bari a baya. Na kalle shi yana ɗaura ƙugiya jirgi na tangaɗi, ko riƙe wani abu bai yi ba, ya ja ƙullin da haƙori ya gwada kaifin ƙugiyar a kan farcensa, in ta zame ya ɗauko magagari ya wasa. Bayan hannunsa duk tabo ne siri-siri fari, na zare.

Daga nan sai jira. Wannan ne ba a sawa a bidiyo. Awa uku cur ba abinda ya taɓa zare, sai ƙarar inji da warin man dizal da rana tana dukanka ta sama tana dawowa ta ruwa. Biyu daga cikinmu suka yi barci. Na fara lissafin kuɗina a raina ina cewa wannan ai asara ce da rana tsaka. Amma na lura kyaftin da yaronsa su ba jira suke ba, aiki suke. Kyaftin na can sama yana kallon na'urar da ke nuna zurfi da ɗumin ruwa, don inda ruwan ɗumi ya haɗu da mai sanyi, ko da bambancin digiri ɗaya ne, nan kifi ke bi. Yaron kuma ya juya mana baya tun safe idonsa na kan kifayen robar nan, ko ruwa zai sha baya ɗauke ido. Ni in na kalli tekun ko'ina iri ɗaya ne, su kuwa kamar takarda suke karantawa, layin ciyawa mai yawo, kifaye masu tashi da suka fallo daga ruwa a tsorace, tsuntsu ɗaya tak da yake shawagi can nesa. Akwai wani baƙin tsuntsu mai dogon fiffike da wutsiya kamar almakashi, shi baya iya sauka kan ruwa don gashinsa jiƙewa yake, sai dai ya bi babban kifi ta sama yana jiran ya koro masa ƙanana. In ka ganshi ya yi ƙasa-ƙasa yana zagaye to akwai magana a wurin.

Tsuntsun ne ya kai mu ga wani gungumen itace da ke yawo shi kaɗai a tsakiyar teku. Muna giftawa sanduna biyu suka lanƙwashe lokaci ɗaya, masu barci suka farka a gigice. Dorado ne, wasu na ce masa mahi-mahi, kifin da ke son fakewa ƙarƙashin duk wani abu mai yawo a kan ruwa. Ban taɓa ganin halitta mai kala irin wannan ba, ni dai. Bayansa kore shar mai walƙiya, gefensa ruwan zinare da ɗigo-ɗigon shuɗi kamar an yayyafa, namijin goshinsa a tsaye kamar an sare da gatari. Yana faɗowa cikin jirgi yana dukan ƙasa kalar na canzawa a gaban idonka, zinare, shuɗi, fari-fari, kafin minti kaɗan duk ta dushe ya koma toka-toka kamar ba shi ba. Na tsaya ina kallo har yaron ya ɗauke shi ya jefa a ƙanƙara. Kifi ne mai saurin girma, da wuya ya wuce shekara huɗu ko biyar a duniya, shi yasa cinsa baya damun masu kula da teku kamar na sauran. Guda biyar muka ɗauka, kuma dabarar yaron ce, yace a bar ɗaya a ruwa da ƙugiya a baki kar a ciro shi, 'yan uwansa baza su watse ba.

Kifin da ake kira wahu kuma ko ganinsa bamu yi ba. Zare ya yi ƙara fiii na daƙiƙa uku sai shiru, aka naɗo babu kifin roba babu ƙugiya, an yanke shi tsaf kamar da reza. Haƙoransa kenan, shi yasa masu nemansa da gaske waya suke sawa a gaba. Ita kuwa wadda ake kira tuna bamu haɗu da ita ba ranar, kyaftin yace in gode Allah, don ita bata tsalle bata wasa, ƙasa take nutsawa tana zagaye tana zagaye har bayanka ya ƙage. Jininta ya fi ruwan da take ciki ɗumi, abinda ba kasafai ake samu a kifi ba, shi ke bata wannan ƙarfin. Akwai wadda wani Ken Fraser ya kama a Noba Skoshiya ta Kanada a 1979, kilo 678, har yau ba a doke ta ba. Shi kuwa kifin da ake kira mai takobi harkarsa daban ce, da rana yana can ƙasa mita ɗari huɗu ɗari biyar cikin duhu da sanyi, yana da wata tsoka a bayan ido da ke ɗumama masa ido da ƙwaƙwalwa don ya gani da kyau, sai dare yake tasowa. Wanda ke sonsa sai dai ya kwana a teku ko ya saki zare da dalma mai nauyi har can.

Wajen ƙarfe ɗaya da rabi, layi ya zagayo kaina, don mun yi ƙuri'a kowa da awarsa. Ina zaune ina gyangyaɗi sai naji yaron ya ƙwala ihu, hagu! hagu! Na duba ban ga komai ba. Sai can na ga wani abu baƙi kamar sanda ya fito bayan na tsokanar nan yana kaɗawa, sannan inuwa a ƙarƙashinsa, doguwa, ta fi ƙofar ɗaki. Malin shuɗi. Kuma wallahi wuta yake kamawa, fikafikan gefensa da zanen jikinsa suka yi wani shuɗi mai haske kamar an kunna fitila, haka suke yi in sun harzuƙa. Kyaftin ya fizge na tsokanar daga sama, kifin ya juyo a fusace yana neman abinda ya ƙwace masa, ya ci karo da na kusa mai ƙugiya ya haɗiye. Ƙarar da keken zaren nan ya yi har yanzu tana kunnena.

Suka tura ni kujerar kokawa, wata kujera ce a kafe tsakiyar jirgi mai juyawa da wurin taka ƙafa, aka soka gindin sandar a wani kofi tsakanin cinyoyina aka ɗaura min ɗamara ta baya aka maƙala ta jikin keken. Kafin a gama wannan kifin ya kwashe zare ya fi mita ɗari biyu, sai gashi can nesa ya fito daga ruwa gaba ɗayansa yana tafiya a kan wutsiya yana girgiza kai, a wani gefe daban da inda zarena ya nufa, har na ɗauka wani kifin ne. Na fara jan sanda da ƙarfin hannu kamar mai jan guga, yaron yazo daidai kunnena yace yallaɓai ba da hannu ba, da ƙafa, tura ka kwanta baya, ka dawo gaba ka naɗe. In yana gudu kar ka naɗa, barshi ya gudu. Keken yana da birki da aka saita tun safe wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren, yadda in kifi ya ja da ƙarfi zare zai fita a maimakon ya tsinke, to wannan birkin ne ke gajiyar da shi ba ni ba. Sauran aikin kuma kyaftin ne, ya juya baya yana tuƙi yana kallonmu, ya sa jirgi a ribas yana bin kifin, ruwa na tsallako bayan jirgi yana zubo min a cinya na jiƙe sharkaf, duk zaren da na samu shi ya bani. Da jirgin tsayawa ya yi cak da har magariba muna nan, ko kuma zare ya ƙare.

Minti ashirin da farawa na ce wa abokina mutumina zo ka karɓa, hannuna ya mutu. Yaron yace a'a ba mai taɓawa. Ashe doka ce. Akwai ƙungiyar da ke ajiye tarihin manyan kamu ta duniya, IGFA, tun 1939 aka kafa ta, a ƙa'idarta daga lokacin da kifi ya ciji ƙugiya ba wanda zai taɓa sanda ko keke ko zaren sai mai kamun, in wani ya sa hannu kamun ya ɓaci. Abinda aka yarda yaron jirgi ya yi shi ne ya juya maka kujera, sannan in ƙarshen zaren mai kauri ya iso ya kama. A ƙarƙashin irin wannan doka Alfred Glassell ya kama malin baƙi mai kilo 707 a Kabo Bilanko ta Peru a 1953, shi ma Paulo Amorim ya kama shuɗi mai kilo 636 a gaɓar Bitoriya ta Burazil a 1992. Sunansu na cikin littafi, kowa ya sani. Ni tambayar da ta zo min a kujerar nan ita ce waye ya kama musu ƙarshen zare? Kura da shan bugu gardi da kwasar kuɗi. Wani abin kuma, duk waɗannan ƙattin mata ne, namijin malin baya kai ko kusa, duk wanda kaji ance ya haura fam dubu, wato kilo 454, wanda mutane ke tafiya har Keyns ta Ostireliya daga Satumba zuwa Disamba suna nema, to mace ce mai ɗauke da miliyoyin ƙwai. Nawa kyaftin ya ƙiyasta shi kilo 120, a wajensu yaro ne.

Minti hamsin aka yi kafin ya iso. Nan ne wurin haɗarin, kuma nan ne ni aikina ya ƙare. Yaron ya durƙusa ya danne gwiwoyinsa a jikin bangon jirgi, ya miƙa hannu ya naɗe zaren mai kauri sau biyu a tafinsa, naɗi na musamman wanda in kifin ya zabura zai buɗe hannu kawai ya zame, don in ya sarƙe to mutum ya bi kifi cikin teku, kuma an sha yin haka a wannan sana'a. Kifin ya zabura kuwa, sau ɗaya, ya saki, na sake naɗowa, ya sake kamawa. A karo na biyu ya jawo shi a hankali hannu bayan hannu har gefen jirgi ya cafke bakin. Bakin nan ba santsi gareshi ba, kaushi ne kamar magagari, shi ya cinye safar. Na leƙa na ga idonsa, ya kai girman ƙaramin kofi, baƙi wuluk, yana juyawa yana kallonmu. Shuɗin nan mai haske duk ya tafi, ya koma ruwan tagulla don gajiya.

Nace a ɗago shi mana in rungume a ɗauke ni, irin yadda nake gani. Kyaftin daga sama yace a'a, ko kallona bai yi ba. Daga baya ya min bayani, kifin da ya yi kusan awa yana kokawa in ka fiddo shi daga ruwa ka ɗora a gefen jirgi, nauyinsa na danne kayan cikinsa, majinar da ke kare fatarsa ta goge, zaka sake shi ka ga ya tafi kana murna, ashe can ƙasa zai je ya mutu ko kifin shak mai cin nama ya same shi. A Kosta Rika doka ta hana fiddo su don hoto, haka ma a gaɓar Atilantika ta Amurka in dai ba ɗauka zaka yi ba, kuma a wannan gaɓar ta Amurka gaba ɗaya malin 250 kacal aka yarda masu kamun nishaɗi su kashe a shekara. Da farko naji haushi ba zan ɓoye ba, kuɗina ne, bayana ne ke ciwo. Amma na tsaya na ga abinda suka yi. Aka soka masa wata 'yar alama mai lamba kamar tsinke a kafaɗa, in wani ya sake kama shi ko a wace ƙasa ce a san tafiyar da ya yi, aka zare ƙugiya da filaya, sannan kyaftin ya sa giya a hankali yaron na riƙe da bakin a cikin ruwa suna jansa don ruwa ya ratsa ta bakinsa ya samu numfashi. Minti biyar ko fi yaron na duƙe rabin jikinsa a waje. Ina kallo kalar ta fara dawowa daga wajen kai, wutsiyar ta fara motsi, sai ya ciji hannun safar, yaron yayi dariya yace ya farfaɗo, ya tura shi gefe. Ya nutse a hankali yana kaɗa wutsiya har shuɗin ruwan ya haɗiye shi. A cikin minti biyar ɗin nan ne abokina ya ɗauki hoton, ni na duƙo ina washe baki.

A hanyar dawowa yaron ya ɗaura wata 'yar tuta mai zanen malin a jikin doguwar sandar, amma kai ƙasa, alamar an kama an saki. Muna shigowa tasha mutanen wasu jiragen suna ɗago min hannu, ni kuma ina amsawa ba kunya. Muka haɗa masa ɗan abin hannu kamar yadda aka saba, don yawancinsu da wannan suke rayuwa ba da albashi ba, ya karɓa ya cusa a aljihu bai ƙirga ba, ya feɗe mana dorado ɗinmu cikin minti goma ya zuba a leda. Na so in tura masa hoton amma yatsuna sun ƙi danna waya, rawa kawai suke. Da muka juyo daga bakin ƙofar tasha na hango shi ya cire safar ya jefa a bokiti, yana wanke sandunan da ruwan famfo ɗaya bayan ɗaya saboda gishiri, gobe ƙarfe shida akwai wasu mutum huɗun.